Amsa ga mai tambaya kan ƙululun da ya fito wa ƙanensa a nono

Assalamu alaikum. Ƙanena, na karanta tambayarka tare da amsoshin da 'yan'uwa suka riga suka ba ka, sai na ga ya dace in sa baki, domin na daɗe ina aikin jinya, na fara daga CSI, wato ƙaramin asibitin gwamnati, na karkara a cikin jihar Maradi kafin in koma sashen tiyata, kuma irin wannan koke ba baƙo ba ne a wurina. Ka ce ƙanenka mai shekara 15 ya sami wani ƙululu a ƙarƙashin kan nononsa na hagu wata 4 da suka wuce, yana masa zafi idan riga ta goga, yanzu na dama ma ya fara tasowa, har ya daina tuɓe riga a filin ƙwallo. Ka ce a gida an rabu biyu, kakarku tana cewa a gasa muciya a danna wurin, wani kawunku yana cewa a kai shi wurin wanzami a yi masa sakiya, kai kuma babban tsoronka kada ya zama sankara.

Idan aka haɗa shekarun yaron da wurin da abin ya fito da kuma zafin da yake yi, abin ya fi kama da kumburin nono na balaga, wanda likitoci ke kira jinekomastiya. Hukuncin ƙarshe na ma'aikacin lafiya ne da zai taɓa wurin da hannunsa, amma tun yanzu ina roƙonka abu ɗaya, ka hana muciya kuma ka hana aska, domin a iya abin da na gani, raunin da ake ji wa yara da sunan magani ya fi kumburin kansa ɓarna nesa ba kusa ba.

Kowane namiji an halicce shi da 'yar ƙwayar nono a ƙarƙashin kan nononsa, irin wadda yarinya take da ita kafin ta fara ƙirgar dangi, sai dai tasa tana kwance ba ta girma. Abin da ke kwantar da ita shi ne sinadarin testosteron da 'ya'yan maraina ke samarwa, abin da ke tayar da ita kuma shi ne sinadarin estrojen, wanda mutane ke ɗauka na mata ne kaɗai, alhali jikin namiji ma yana da nasa kaso, domin wani ɓangare na testosteron yana juyewa ya zama estrojen, musamman a cikin kitse. A farkon balaga waɗannan sinadarai biyu ba sa tashi kafaɗa da kafaɗa. Estrojen yakan ɗan yi rinjaye na wani lokaci kafin testosteron ya kai matsayinsa na cikakken namiji, kuma a wannan tazara ce ƙwayar nonon take kumbura. Wajen rabin yara maza ko fiye suna samun wannan, galibi tsakanin shekara 13 da 14, ko da yake wanda balagarsa ta yi jinkiri yakan same shi a 15 ko 16. Mafi yawa yana sacewa da kansa cikin wata 6 zuwa shekara 2, kuma kaɗan ne suke kai shekara 17 da shi. Fara fitowa a gefe ɗaya kafin ɗayan, ko wani ya fi wani girma, ba abin tashin hankali ba ne. Zafin ma da ya fi damun ku alama ce ta ƙwayar da ke cikin girma, kuma a wurinmu ƙululu mai zafi a jikin yaro mai tashen balaga ya fi kwantar da hankali a kan ƙululu mai tauri marar zafi a jikin dattijo.

Ka tambayi kakarku ko ta tuna jarirai maza da ake haifa da nono a kumbure, har wani lokaci ɗan ruwa fari yana fita. Za ta ce maka ta gani ba sau ɗaya ba. Wannan sinadarin uwa ne da ya ratsa ta mabiyiya zuwa jikin ɗa, kuma yana bajewa da kansa cikin makonni. Jariran da aka kawo mini da maruru a nono, kusan dukkansu waɗanda ungozoma ko kaka ta yi ta matsewa ne lokacin wankan jego don a fitar da abin da ake ganin ƙazanta ce. Bayan jarirantaka da balaga, karo na uku da abin ke zuwa shi ne bayan shekara 50, lokacin da testosteron ya fara ja da baya, teɓa kuma ta fara fitowa.

Ga yadda muke dubawa, kuma kai ma za ka iya gwadawa a hankali idan yaron ya yarda. Ya kwanta rigingine, ya sa hannuwansa a ƙeya. Ka ware babban yatsa da manuniya, ka ɗora su a gefe biyu na nonon can nesa da kan, sannan ka riƙa matso da su sannu a hankali zuwa tsakiya ba tare da matsawa da ƙarfi ba. Idan kumburin balaga ne, yatsunka za su ci karo da wani abu zagayayye mai ɗan tauri da danƙo, daidai ƙarƙashin baƙin da ya kewaye kan nono, kan nonon yana zaune a tsakiyarsa, faɗinsa sau da yawa bai wuce ƙwandalar dala ashirin ba, yana motsi idan an tura shi, kuma yaron zai ɗan yamutsa fuska. Idan yatsun suka haɗu ba su ci karo da komai ba sai laushi, to kitse ne kawai, wanda ake gani a jikin yara masu ƙiba, kuma maganinsa rage nauyi. Abin da ba ma son ji a hannu shi ne ƙululu mai tauri ƙwarai wanda ya kauce daga tsakiya zuwa gefe, ya manne da fata ko da ƙirji ba ya motsi, ko kan nono ya lotsa ciki, ko jini ko wani ruwa yana fita, ko fatar ta yi gyambo, ko aka sami kaluluwa a hammata. Sankarar nono tana kama maza, wannan gaskiya ne, amma maza wajen kashi 1 cikin 100 ne na dukkan masu cutar, kuma galibinsu sun haura shekara 60. A jikin yaro ɗan shekara 15 abu ne da da wuya ƙwarai a gamu da shi.

Na dawo kan maganar muciya da sakiya, domin nan ne na fi jin tsoro. An taɓa kawo mini wani yaro ɗan kwalej da riga manne a ƙirji. Da muka jiƙa ta da ruwan gishiri muka ɗaga, sai ga fatar da ke kewaye da kan nono ta saluɓe, gefen ƙunar ya yi fari, yana tsatstsafar da ruwa, ƙululun kuwa yana nan daram a ƙarƙashi bai ragu ba ko kaɗan. Makonni muna wanke ciwon muna sauya bandeji, kuma da ya warke sai ya bar tabo mai tudu, irin wanda fatarmu ta baƙaƙe take saurin yi a ƙirji, wanda yake ƙaiƙayi yana ƙara faɗi da shekaru. Kumburin ya baje da kansa daga baya, tabon kuwa ya zauna. Sakiya ana yin ta ne don a fitar da mugunya, shi kuwa wannan ƙululu babu mugunya a cikinsa, nama ne mai rai da jijiyoyin jini, saboda haka wanzami ba zai fitar da komai ba sai jini, sannan ya buɗe wa ƙwayoyin cuta ƙofa. Ga haɗarin tetanos, ga na ciwon hanta nau'in B da ake ɗauka ta askar da aka yi wa wani aiki da ita ba a dafa ta ba. Haka nan ɗaure ƙirji da robar taya da wasu samari ke yi da dare, da yawan matsawa don a ga ko ya ragu, duk ba sa ƙara komai sai zafi da kumburi. Ba ina raina wanzamai ba ne, suna da aikin da suka gada kuma suka iya, amma wannan ba ya cikinsa.

Sai dai cewa abin ya fi kama da na balaga ba ya nufin a zauna a gida ba a duba ba. Nono a jikin namiji sau da yawa yana ba da labarin wani wuri ne daban a jiki, kuma akwai abubuwa biyu da kunya ke sa a tsallake su, alhali su ne suka fi muhimmanci.

Na farko shi ne 'ya'yan maraina. Duk ma'aikacin lafiyar da ya duba nonon saurayi ya sallame shi bai duba marainansa ba, aikinsa bai cika ba, kuma kuna da haƙƙin ku nemi a duba. Dalili shi ne akwai ƙarin da ke fitowa a ɗan maraina, wanda ya fi kama samari da matasa tun daga shekara 15 zuwa wajen 35, kuma wani nau'insa yana fitar da sinadarin da ke kumbura nono, har ya kasance kumburin nonon ne alamar farko da ake gani. Ba kasafai ake samunsa ba, amma yana daga cikin cututtukan daji da suka fi jin magani idan an gano su da wuri, kuma dubawar ba ta cin kuɗi. Idan ɗaya ya fi ɗaya tauri ko nauyi, ko akwai ƙululu marar zafi a jikinsa, sai a yi eko, wato hoton cikin jiki da na'ura, ba tare da jinkiri ba. Akwai kuma akasin haka, wato marainan su ƙanƙance su kasa samar da isasshen testosteron. Hangum da ya kama yaro bayan ya balaga yakan sauka a maraina ya bar su a shanye. Kuturta ma tana yin haka, kuma waɗanda suka san asibitin Danja sun san cewa girman nono ba baƙon abu ba ne a jikin mazan da cutar ta daɗe a jikinsu kafin su sami magani. Sannan akwai wata halitta da ake kira ciwon Klinefelter, da sunan likitan Amurka da ya bayyana ta a 1942, inda ake haihuwar namiji da ƙarin ƙwayar gado ta X. Tana samun wajen namiji 1 cikin 600, kuma alamunta su ne saurayi dogo mai dogayen ƙafafu, da gemu da gashin jiki kaɗan, da ƙananan maraina masu tauri, da nonon da ba ya bajewa. Da yawansu ba a gane su sai bayan aure, lokacin da aka yi ta neman haihuwa ana ɗora wa matar laifi.

Na biyu shi ne abin da yaron yake haɗiya, kuma wannan tambaya ba a yin ta a gaban iyaye idan ana son gaskiya. Dukkanmu mun san yadda tramol ya shiga cikin samarin garin nan, daga 'yan kabu-kabu zuwa masu dako zuwa 'yan makaranta, kuma magungunan danginsa suna danne testosteron idan an daɗe ana sha. Giya ma haka take, ga ɓarnar da take yi wa hanta, wiwi kuma likitoci sun daɗe suna lissafa shi cikin abubuwan da ake tuhuma. Akwai allurai da ƙwayoyin gina tsoka da masu ɗaga ƙarfe suke saya a ɓoye, waɗanda jiki ke juya rararsu ta zama estrojen, sai mai neman faffaɗan ƙirji ya tashi da nono. Akwai ƙwayoyin ƙiba da ake kira sha-ka-fashe, da ake samu a farantin masu tallar magani a kasuwa da tasha, waɗanda ke tara kitse a fuska da ƙirji da ciki. Ban ce ƙanenka yana shan ko ɗaya ba, amma tambayar wajibi ce. Har magungunan asibiti na halal suna da nasu rabon: simetidin da ake sha don gyambon ciki, sipironolakton da ake ba masu kumburin jiki da ciwon zuciya ko hanta, ketokonazol na haɗiya, wasu magungunan taɓin hankali irin su risperidon da haloperidol, da efabirenz na masu ɗauke da ƙwayar sida. Wanda yake kan ɗaya daga cikin waɗannan bisa umarnin likita kada ya daina da kansa don ya ga nono ya taso. Ya koma ya faɗa, domin mafi yawansu suna da madadi, misali tun 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fifita dolutegrabir a kan efabirenz.

Hanta da ƙoda da maƙoshi suna biye. Hanta ce ke sarrafa sinadaran nan, saboda haka idan ta lalace nono yakan girma, kuma a ƙasarmu da ciwon hanta nau'in B ya yi yawa, ni ina ganin gwajinsa ya dace da kowane saurayi ko da nononsa lafiya lau yake. Idan akwai rama tare da yawan ci, da bugun zuciya, da rawar hannu, da gumi, sai a duba maƙoƙo. Akwai kuma wani dalili da ya shafe mu a nan fiye da wasu wurare, wato murmurewa bayan yunwa ko doguwar jinya. An fara lura da shi sosai a jikin fursunonin Yaƙin Duniya na Biyu da aka sako a rame, waɗanda nononsu ya kumbura bayan sun koma cin abinci, domin jiki yana sake tayar da sinadaransa tamkar sabuwar balaga. Na ga irinsa a jikin samarin da suka fara maganin tarin fuka suka soma yin ƙiba, da almajiran da suka dawo gida bayan sun sha wuya, kuma yana bajewa da kansa.

Saboda haka ku fara da CSI na unguwarku. Idan majo, wato babban ma'aikacin jinya na wurin, ya duba ya ga yaron yana cikin balagarsa daidai, marainansa lafiya, ƙululun ƙarami ne kuma a tsakiya yake, to babu buƙatar kashe kuɗi a kan analis, wato gwaje-gwajen asibiti, masu yawa. Za a auna faɗinsa a rubuta, a ce ku dawo bayan wata 3 zuwa 6, a ba shi parasetamol don ranakun da zafin ya matsa. Wanda ake turawa CHR, wato babban asibitin jiha, ko Asibitin Referans na Maradi don eko da gwajin jini shi ne wanda abin ya fito masa tun kafin alamun balaga, ko ya fara bayan ya gama balaga, ko faɗinsa ya wuce santimita 4, ko yana girma da sauri, ko ya haura shekara 2 bai ragu ba, ko aka ga ɗaya daga cikin alamun da na ambata a sama. Idan bincike ya nuna cutar daji, akwai cibiyar ƙasa ta yaƙi da sankara a Yamai, amma ban ga abin da zai kai ku can ba a cikin bayanin da ka yi.

Wani ɗan'uwa ya ba ka shawarar a yi wa yaron allurar ƙarin ƙarfin namiji. Ina girmama niyyarsa, amma shawarar ba daidai ba ce. Yaron da marainansa ke aiki ba ya rasa testosteron, kuma wanda aka ƙara masa daga waje wani ɓangarensa estrojen zai koma, sai nonon ya ƙaru, ga shi yana iya rufe masa ƙashi ya tsayar da tsawonsa da wuri. Maganin da likitoci kan gwada idan zafi ya yi tsanani ko girman ya yi yawa shi ne tamoksifen, na 'yan watanni, kuma ya fi aiki a farkon abin, domin bayan kamar shekara guda naman yakan sauya ya zama mai zare-zare da ba ya jin magani. Ba maganin da ake saya a farmasi da baki ba ne, sai da ordinansi, wato takardar magani daga likitan da ya duba. Motsa jiki yana narkar da kitse kuma yana gyara surar ƙirji, amma ba ya narkar da ƙwayar nono, kada yaron ya kashe kansa da ɗaga ƙarfe yana jiran abin da ba zai zo ta nan ba.

Ga wanda nasa ya ƙi bajewa har ya gama girma, kuma yana hana shi sakewa cikin mutane, akwai tiyata, kuma ba babba ba ce. Ana tsagawa a gefen ƙasa na baƙin da ya kewaye kan nono don tabon ya ɓuya, a cire ƙwayar, a bar ɗan nama kaɗan a ƙarƙashin kan don kada wurin ya lotsa, a aika abin da aka cire ɗakin bincike, sannan a ɗaure ƙirji da bandeji mai matsewa na wasu makonni. Ba a gaggawar yi wa ɗan shekara 15, domin ana iya yanka abin da zai tafi da kansa, ko kuma ya sake tsirowa tun da balaga ba ta ƙare ba.

Abin da ka faɗa na daina tuɓe riga kada ka ɗauke shi da wasa. Yaro a wannan shekaru kalma ɗaya ta abokai a fada ko a filin ƙwallo takan hana shi barci, kuma na san waɗanda suka riƙa sa riga biyu a tsakiyar zafin watan Afrilu, suna tafiya a duƙe, wasu har suka bar makaranta. Abin da yake tsoro a ransa, wanda ba zai iya furtawa a gaban mahaifiyarku ba, shi ne ko yana komawa mace, ko ba zai iya aure da haihuwa ba. Kai ne yayansa, bakinka zai fi shiga. Ka same shi ku biyu, ka gaya masa a fili cewa wannan alama ce ta jikin da ke zama na namiji, ba sammu ba ne, ba aikin iska ba ne, kuma a cikin masu yi masa dariya akwai da yawa da suke ɓoye irinsa a ƙarƙashin rigunansu. Singileti mai ɗan kama jiki a ƙarƙashin riga mai kauri yana rage gogawa kuma yana rufe tudun. Ita kuma kaka kada ka yi mata gardama a gaban mutane. Ka same ta a ɗakinta ka ce, Kaka, a yi mana haƙuri likita ya fara gani tukuna, domin tsofaffi sukan sauko idan an ba su girmansu.

Ranar da za ku je, ku tafi da kwalaye ko ledojin duk wani magani da yaron ya sha a watannin nan, har da na gargajiya da na masu talla, ku kuma tuna watan da abin ya fara da ko ya taɓa yin hangum ko shawara. Idan kun shiga ka yi bayaninka a taƙaice, sannan ka fita ka bar shi da majo su biyu, domin a duba marainansa a kuma yi masa tambayar ƙwayoyi ba tare da idon yayansa a kansa ba.